Zaurance a cikin memori: kundin aikin sabar da ke sumewa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Sabar ofishinmu ta sake sumewa daren jiya, karo na huɗu ke nan tun farkon Disamba, kuma har yanzu ba ni da abin da zan ɗaga in ce ga dalili. Shi ya sa na buɗe wannan kundi. Ofishin a Birnin Kebbi yake. Muna ajiye bayanan manoman shinkafa da ake ba iri da taki bashi, daga Argungu da Suru da Bunza har Jega: suna, lambar BVN, lambar asusu, buhu nawa mutum ya karɓa, nawa ya biya. Yanzu ake tsakiyar rabon kayan noman rani, don haka duk sumewa ɗaya tana nufin dattawa a jere kan benci suna jiran a tayar da na'ura.

Na'urar ta hannu ce, ba sabuwa muka saya ba. Furosesanta AMD EPYC jerin 7002 wanda ake kira Rome, memori gigabait 128, Linux mai kanel 5.14 (kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura). Shekara biyu tana aiki ko tari ba ta taɓa yi ba. A Nuwamba masu zuba kuɗi a shirin suka aiko takardar tambayoyi bisa dokar kare bayanai ta 2023, layi ɗaya yana tambaya ko bayanai a kulle suke alhali suna cikin memori. Alhaji, maigidanmu a ofis, ya ce, "Injiniya, in akwai shi a kunna." Na shiga BIOS, saitin na'ura na farko, na buɗe SME, tsarin AMD na kulle bayanan da ke cikin memori, na ƙara mem_encrypt=on a layin tashi.

Yadda abin yake: a cikin furosesa, a ƙofar da bayanai ke fita zuwa sandunan memori, akwai injin AES mai bit 128. Wani ƙaramin furosesa na tsaro ne ke ƙirƙiro mabuɗin duk lokacin da aka tayar da na'ura daga farko, kuma ba manhajar da ke ganinsa, har kanel kansa. Wanda ya zare sandar memori ya gudu da ita, zaurance kawai zai tarar. Shafi-shafi ake kullewa. A jadawalin shafuka, wanda ke nuna inda kowane yanki na memori yake, akwai bit guda da ake kira C-bit. In yana kunne, duk abin da ya bi ta wannan adireshi ana kulle shi a shiga, a kwance shi a fita. In yana kashe, a fili abu ke wucewa.

Alhaji ya ce ƙurar hunturu ce. Mai gyaran wuta ya ce wuta ce. Ni zuciyata tana kan Nuwamba, amma zato ba hujja ba ne. A /var/crash ko fayil ɗaya babu, alhali kdump, mai juye abin da ke memori zuwa faifai in na'ura ta sume, a kunne yake. Nan zan fara.

Alhamis, 16 ga Janairu

Tun wajen tashi, kanel na farko yana keɓe wani yanki na memori ya kwantar da kanel na biyu a ciki. In na farkon ya sume, kexec ya miƙa wa na biyu ragama ba tare da an koma ta BIOS ba. Na biyun yana ganin tsohuwar memori a matsayin fayil, /proc/vmcore, sai makedumpfile ya tace ya juye a faifai. A na'ura mai SME wannan ce kaɗai damarka, domin furosesa bai sake tashi ba, mabuɗin yana nan daram. Da zarar an danna maɓallin sake tayarwa an yi sabon mabuɗi, abin da ke memori ya tafi ke nan har abada.

Bayan an tashi aiki, ni da ɗalibin Poly ta Waziri Umaru da ke koyon aiki wurina muka jona wayar siriyal zuwa kwamfutar hannuna don mu ga abin da kanel na biyu ke faɗa. Fayil ɗin kexec_crash_loaded ya nuna 1. Na rubuta echo c > /proc/sysrq-trigger, wato na kayar da ita da hannuna. Kanel na biyu ya tashi, ya yi ƙorafi biyu. Na farko: "The address of old device table is above 4G, not trustworthy!" Na biyu: "Exceeded p_memsz, dropping PT_NOTE entry". Daga nan makedumpfile ya ce bai gane komai ba, na'ura ta sake tashi, faifai wayam.

Na sa failure_action shell a kdump.conf don ya tsaya ya ba ni wurin rubutu, muka maimaita. Na yanko megabait 200 daga /proc/vmcore da dd. Na bi shi da strings, ban da 'yan kalmomin da BIOS ya bari, ba kalma ɗaya mai ma'ana. Na matse shi da gzip, bai ragu ba ko kaɗan. Memorin na'ura mai rai cike take da sifili da maimaici, in ka matse ta sai ta koma kamar an tatse lemo. Abin da ya ƙi matsuwa, kullalle ne. Kanel na biyu yana karanta memorin ba ta ƙofar kwancewa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Laifina ne. A /etc/sysconfig/kdump na tarar da layin KDUMP_COMMANDLINE da na cika da hannuna tun lokacin da muka kawo na'urar. In ka bar shi fanko, kanel na biyu yana gadon layin tashin na farko. In ka cika shi, abin da ka rubuta kawai zai samu. A Nuwamba na ƙara mem_encrypt=on a wuri ɗaya na manta da ɗayan.

Ka'idar ita ce dole kanel biyun su zama a matsayi ɗaya: ko duka a kunne, ko duka a kashe. SME ya shiga Linux a 4.14, a Nuwamban 2017, aikin Tom Lendacky na AMD. Kdump bai iya karanta irin wannan memori ba sai a 4.20, a Disamban 2018, da gyare-gyaren Lianbo Jiang na Red Hat, waɗanda suka koya wa kanel na biyu ya buɗe tsofaffin shafuka da C-bit a kunne. Amma yana yin haka ne kawai in shi ma SME ɗinsa yana aiki. Ƙorafin nan na adireshi sama da 4G ma daga nan yake: kanel na farko ya rubuta wa IOMMU, mai tsaron ƙofa tsakanin na'urori da memori, adireshin jadawalinsa haɗe da C-bit, na biyu bai san ya cire ba, sai ya ga lamba mai girman da ba ta da kan gado.

Na goge layin, muka sake kayar da ita. Tsugune ba ta ƙare ba. Wannan karon kanel na biyu ya mutu da yunwar memori kafin ya kai ga faifai. Ni ne dai na rage crashkernel, yankin da ake keɓe wa kanel na biyu, zuwa 192M da can, wai kada a yi asarar memori. In SME yana aiki, kanel yana ware wani zango da ake kira swiotlb, megabait 64 in ba a canza ba, domin na'urorin da hannunsu bai kai su rubuta adireshi mai C-bit ba. Sai su sauke kaya a zangon a fili, kanel ya kwashe zuwa kullallen wuri. Cire 64 daga 192, ka ga abin da ya rage wa kanel da direbobi da makedumpfile. Na mayar da shi 512M. Yaron ya yi dariya ƙasa-ƙasa, na ce masa na sani, laifin babba rowa.

Laraba, 22 ga Janairu

Juye na farko mai kyau, gigabait 2.1. Na ɗauko shi zuwa kwamfutar hannuna na buɗe da crash, manhajar binciken juye, tare da vmlinux, fayil ɗin kanel mai alamomin bincike. Ya tsaya da kuskuren karatu a adireshin zahiri 800107e0a000.

Na daɗe ina kallon lambar. Takwas ɗin nan na gaba bit na 47 ne, wato terabait 128. Na'ura mai gigabait 128 ana neman abu a wurin da ya ninka girmanta sau 1024. C-bit ne ya maƙale a jikin adireshi, tsohon crash ɗin da ke kwamfutata bai san ya share shi ba. Kanel yana barin wasiyya a cikin juyen, wani ɗan rubutu da ake kira vmcoreinfo, kuma da na neme shi da strings na ga NUMBER(sme_mask)=140737488355328. Biyu ce a ninka ta sau 47. Sabon crash yana karanta wannan lamba ya cire ta daga kowane layin jadawali. Na sauko da sabo na harhaɗa, ya buɗe lafiya: sys, bt, log, ps, duk suna amsawa.

Kada wani ya haddace 47 ya zauna. A Naples da Rome a nan yake, a Milan, jerin 7003, ya koma 51. Furosesa da kansa yake faɗa ta CPUID 0x8000001F. Wata alama kuma da ban lura da ita ba sai yau: lscpu yana nuna adireshin zahiri bit 43 maimakon 48, biyar sun tafi hidimar kullewa.

Yanzu sai jira. Tarko ya ɗanu.

Juma'a, 24 ga Janairu

Alhaji ya leƙo kafin masallaci. Da na yi masa bayani sai ya ce in tura fayil ɗin ga ɗan ƙanensa da ke aikin kwamfuta a Abuja ya duba mana. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fayil shi ne abin da muka kulle, a kwance." Kanel na biyu ta ƙofar kwancewa yake karantawa, abin da ya sauka a faifai rubutu ne a fili. Gaskiya ne muna tacewa da -d 31, wanda ke zubar da shafukan sifili, da ajiyar fayiloli, da bayanan manhajoji, da shafukan da ba kowa a ciki. Amma memorin kanel tana nan, kuma a cikinta mabuɗin LUKS, makullin faifanmu, yake zaune, da gutsattsarin saƙonnin da ke wucewa ta waya. Mun biya wahala mun hana ɓarawon sandar memori, sai kuma mu aika masa da fassara ta intanet?

Mun tsayar da magana: juye ba ya fita daga ɗakin nan. Da na'ura ta tashi ana kulle shi da gpg, a goge na filin.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ta sume da ƙarfe 2 da minti 40 na dare, kuma tarko ya kama.

Umarnin log ya nuna ƙarshen numfashinta: "postgres: Corrupted page table at address", sai "Bad pagetable". Ma'ana furosesa yana bin jadawalin shafukan rumbun bayananmu ya ci karo da layin da ke da bit a wuraren da aka haramta. A layin alamomin gurɓata akwai OE, wato akwai direban da ba daga cikin kanel ya fito ba kuma ba shi da sa hannu. Na san shi, na katin sadarwa mai gigabit 10 ne da muka ƙara, wanda na harhaɗa daga fayilolin da mai sayarwa ya ba mu. Amma sunansa bai fito ko sau ɗaya a bt ba, don haka na wuce.

Abin da ya ɗaure mini kai: kafin ya mutu kanel ya buga layukan jadawalin, PGD da PUD da PMD da PTE, kuma lafiyarsu lau. Ba abin haram a cikinsu. Na karanta shafin kansa daga juyen da rd -p 1a2b3c000, sai ga shara zalla, layi 512 ba ɗaya mai kama da adireshi. Yaron ya miƙe tsaye. "Malam, mun kama shi! Sandar memori ta lalace."

Na ce ya zauna tukuna. Na nemo inda zangon swiotlb yake na karanta, shi ma shara. To shi zango ba wanda ya lalata shi. A fili kanel na farko ya bar shi da gangan. Shi kuwa kanel na biyu ba ya tantancewa, kowane tsohon shafi ta ƙofar kwancewa yake bi da shi. Kullallen shafi in an kwance shi ya dawo daidai. Shafin da dama a fili yake, in aka “kwance” shi, ya hargitse, kamar ka ɗauki magana sarai ka juya ta da dokar zaurance. Kuma ba ta gyaruwa daga baya tunda mabuɗin ya riga ya tafi. Ke nan a juyen na'ura mai SME akwai sharar da ba ta da laifi, aikin juyewar ne ya haife ta.

Hanyar bambancewa tana cikin juyen. Kanel yana da babbar taswirarsa da ke kallon memori duka kai tsaye. Na mayar da adireshin da ptov, na bi shi da vtop, layin ya fito 80000001a2b3c163. Da kullalle ne da 80008001 zai fara. Takwas na biyu babu, C-bit a kashe. Na ce wa yaron ga amsa: shafin fili ne, shararsa ta juyewa ce, ba shaida ba ce. Na rufe wannan hanya. Ƙarshen mako za mu gwada sandunan memori, mu kuma busa ƙura don hankalin Alhaji ya kwanta.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Memtest86+ ya kwana ya wuni, zagaye huɗu, ba kuskure. Ma'aunin ECC, mai ƙirga kurakuran memori, sifili. Mun busa ƙura, da yawa kuwa.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ta sake faɗuwa ranar Asabar da hantsi. Saƙo iri ɗaya, manhaja daban, shafi daban. Na bi sawun da na bi wancan karon, na sake tarar da C-bit a kashe, har na fara cewa ga shi nan dai, sharar juyewa. Yaron yana bayana yana kallon allo, sai ya ce, "Malam, ni abu guda na kasa ganewa. Zango an bar shi fili don kati shi sauke kaya. To wanga jadawalin shafuka, wa ya bar shi fili, kuma don mi?"

Na yi shiru. Kwana goma sha uku amsar tana gabana.

Ba dalilin da zai sa jadawalin shafuka ya kasance a fili. Na koma juyen 4 ga wata na dubi layin PMD da ke nuna wancan shafi: 8001a2b3c067. C-bit a kunne. Shafi ɗaya, ƙofa biyu da suka saɓa. Kanel yana rubuta layukan jadawali ta babbar taswirarsa, a fili. Furosesa, in ya zo bin jadawali, ta layin PMD yake shiga, yana kwancewa. Shi ya sa kanel ya buga layuka masu kyau kafin ya mutu, domin ta ƙofar da ya rubuta ya karanta. Sharar da na gani a juye kuwa ita ce ainihin abin da furosesa ya gani. Ka'idar da na kafa ranar 4 rabinta ce gaskiya. Rashin C-bit yana gaya maka dalilin da shafi ya hargitse a juye, ba ya wanke shafin. Sai ka ƙara tambaya: wa ke riƙe da shi yanzu, kuma ya dace ya kasance a fili?

Wani ne ya karɓi shafi, ya kashe masa C-bit, ya gama amfani, ya mayar da shi rumbun kanel bai kunna ba. Kanel ya ɗauka lafiyayye ne ya ba wani.

Na rubuta ɗan shiri da Python da ke bin babbar taswirar a cikin juye yana ƙirga shafukan da ba C-bit. Na cire zango da yankunan BIOS da 'yan wuraren da na san dalilinsu. Saura shafi 3,136, kuma a dunƙule suke, 64-64, dunƙule 49. Ɗaya yana hannun direban katin sadarwa, yana aiki da shi. Sauran 48 sun watsu: wasu a sake, wasu a hannun manhajoji, wasu a ajiyar fayiloli. Na duba rajistar na'ura tun tashinta na ƙarshe zuwa 15 ga wata, sau 48 katin ya ce waya ta yanke ta dawo.

Me ke yanke waya sau 48 a 'yan kwanaki? Na sauka wurin Baba maigadi, wanda ke tayar da janareta, yana kuma rubuta lokacin kunnawa da kashewa a wani littafin makaranta saboda lissafin gas. Na ce, "Baba, a ara mini littafin nan." Ya ce, "Injiniya, ko an ce gas ya ɓata?" Na rantse masa ba haka ba ne. Kunnawa 23, kashewa 23, kuma lokutan sun hau kan rajista minti da minti. Biyun da suka rage ban gano su ba, wataƙila ƙiftawar wuta ce. Saba tana kan batir, ba ta jin komai. Akwatin rarraba waya kuwa a soket ɗin bango yake, duk juyin layi sai ya mutu ya farfaɗo. Mai gyaran wuta ashe yana da rabin gaskiya, ta hanyar da shi ma bai zata ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na karanta rubutun direban. Maimakon ya nemi wurin sauke kaya ta dma_alloc_coherent, wadda ke kula da kullewa da kwancewa da kanta, sai ya karɓi shafuka ya kira set_memory_decrypted da hannunsa. A hanyar cire direba gaba ɗaya ya tuna ya kira set_memory_encrypted. A hanyar sake shiri bayan yankewar waya bai kira ba. Layi ɗaya. In SME a kashe yake waɗannan kira biyu ba sa yin komai, shi ya sa aka shekara biyu lafiya.

Don in tabbatar, da dare na zare waya na mayar sau 200 ta hanyar umarni, na sa aiki mai buɗe manhajoji da yawa. Minti 25 ta faɗi, saƙo iri ɗaya. Na ƙara layin da ya ɓace, da sharaɗin cewa in mayar da kullewa ya gaza a bar shafin ya salwanta, kada a mayar wa kanel. Na maimaita gwajin sau 1,000, ƙirgar shafukan fili ba ta motsa ba.

Duk da haka ban bar aiki a kan gyarana ba. Na mayar da waya kan ramin da ya zo da na'urar, mai direban cikin kanel, ko da yake gudunsa gigabit 1 ne. Na ja waya na jona akwatin rarrabawa a batir, abin da ya ci kuɗin da bai kai na buhun taki ba. Na rubuta wa masu katin, da layin da lambarsa.

Wani abu da ya kamata in amsa: da TSME na kunna a Nuwamba da duk wannan bai faru ba. Shi a BIOS kawai ake kunna shi, yana kulle memori duka ba ruwansa da C-bit, kanel bai ma san ana yi ba, kdump ba ya buƙatar komai. TME na Intel ma haka yake aiki. Ga abin da muke tsoro, wato a sace ƙarfe, ya wadatar, kuma ya amsa tambayar takardar nan. Na zaɓi SME ne don ina son in ga layin da ke cewa yana aiki a dmesg in ɗauki hotonsa in tura. Bayan Sallah zan sauya.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Ofis ba kowa, na zo da safe kafin rana ta yi zafi, domin akwai abin da ya hana ni barci tun ranar 17.

Sumewa ita ce mafi sauƙin abin da waɗannan shafuka za su iya jawowa, don ita tana da ƙara. Shafin da ya faɗa ajiyar fayiloli fa? Kanel ya rubuta bayanin manomi a ciki a fili, katin faifai ya zo ɗauka da adireshi mai C-bit, ya kwashi shara ya kai faifai, ba wanda ya yi kuka. Daga Nuwamba zuwa 20 ga Fabrairu wannan ƙofa a buɗe take.

Allah ya taimake ni na kunna lambar tantance shafi tun ranar da na kafa rumbun PostgreSQL. Na tsayar da shi na bi da pg_checksums. Tubali huɗu sun lalace. Uku a fihirisa suke, REINDEX ya share hawaye. Na huɗun a teburin biyan bashi yake, layi 61, duk na wata unguwa a yankin Suru, na watan Disamba. Ajiyar da muke yi kowane dare ta kasa karanta wannan tebur tun lokacin, tana rubuta kuskure a fayil ɗin da ba na dubawa. Wannan ma nawa ne. Ajiyar 22 ga Disamba ta dawo da 44. Saura 17 sai an koma rasit na takarda, kuma suna wurin wakilinmu na can. Na kira shi, ya ce sai ya shigo gari ranar Laraba. Na gaya wa Alhaji kada a tuntuɓi kowa daga cikin mutum 17 ɗin nan da maganar bashi sai an daidaita. Manomin da ya biya a ce masa bai biya ba, a cikin azumi, ba ƙaramar magana ba ce.

Fayilolin da ba rumbu ba, hotunan katin shaida da takardun yarjejeniya, ba su da lambar tantancewa. Na sa yaron ya rubuta shirin da zai buɗe kowane hoto da aka ajiye a watanni ukun ya ware wanda ya ƙi buɗuwa.

Talata, 11 ga Maris

Kwana 19 ba sumewa. Rasit 15 sun samu, biyu ana nema. Hotuna 9 sun lalace, za a sake ɗauka in masu su sun zo. Masu kati ba su amsa ba, na sake turawa.

Na fara taɓa kashi na biyu. Masu zuba kuɗi suna son bayanan kowace ƙungiya su zauna a baƙuwar na'ura tata, wato kwamfutar da ake ƙirƙira da manhaja a cikin sabar, a kulle da SEV, inda kowane baƙo ke da mabuɗinsa, mai masauki ba ya gani. Na tayar da baƙo ɗaya na gwaji da manufa 0x3. Bit na farko a wannan lamba shi ne ke hana mai masauki neman a kwance masa memorin baƙo don bincike, kuma ana ɗaure shi tun wajen tayarwa, ba a sauya shi daga baya. Na karanto memorin baƙon daga waje na matse da gzip, ta ƙi matsuwa. Dabarar da na saba da ita, ta juye baƙo daga wurin mai masauki in ya daskare, ta mutu ke nan. Dole kdump ya zauna a cikin kowane baƙo, da nasa keɓaɓɓen yanki, da wurin da zai zuba juyen wanda mai masauki ba zai karanta ba.

A cikin baƙon SEV kuma duk kayan da ke shiga da fita ta zango suke bi, ba wasu na'urori kaɗai ba, har kanel yana faɗaɗa zangon zuwa kashi 6 cikin 100 na memorin baƙo, tsakanin megabait 64 da gigabait 1. Sharar da ba ta da laifi za ta ƙaru a juye, don haka shirin ƙirgata yana buƙatar jerin wuraren da aka yarda su zauna a fili, da sunan mai riƙe da kowanne. Na ba yaron wannan, tunda tambayarsa ce.

Baƙon gwajin gigabait 8 gare shi, na keɓe masa 384M. Gobe bayan azahar za mu kayar da shi mu gani ko ya isa. Ma'aunin zafin ɗakin saba ya nuna 31 da ƙarfe uku, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi, ga Afrilu na tafe. Na rubuta wa Alhaji takardar neman ta biyu.